Zauren Maharba: Shingen Madubi Ido Kawai Yake Ruɗa

A fitowar da ta gabata na faɗi a gurguje cewa bana ban hau bishiya don dakon barewa ko sau ɗaya ba. Gwiwata ta dama ta ƙi, saboda haka duk dakon barewar da na yi a tsaunukan kudu maso gabashin jihar Ohayo ta Amurka a ƙasa na yi shi, a bayan shingen madubi, da tsohon bakana. Ashe na taɓo wa mutane inda ke musu ƙaiƙayi. Saƙonni suka yi ta shigowa, wasu na tambaya, wasu na zolaya, har da wanda ya ce tsufa ne ya mai da ni mai kwalliya, ina yawo da madubi a daji.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: alluna ne marasa nauyi, galibi huɗu, a haɗe da juna yadda za a iya naɗe su. Fuskar waje madubi ce ta roba wadda ba ta fashewa, fuskar ciki kuma fenti ne mai dabbare-dabbare. In an kafa shi tsayinsa ya ɗara mita ɗaya da kaɗan, akwai 'yan tsaguna a samansa inda ake leƙe da harbi. Ba shi da rufi, ba shi da baya. Wanda aka fi sani a Amurka shi ne GhostBlind. Ka naɗe, ka rataya a baya, ka je inda ka ga sawu ka kafa, ka zauna a kujera 'yar tsugunno. Ga abin da kuka tambaya.

TAMBAYA: Baba, gaskiya abin nan bai shiga kaina ba. Madubi fa ka ce. Ai barewa na ɗago kai za ta ga kanta ta arce, ko kuma rana ta haska shi ya yi ta walƙiya har a hango ka daga wancan tudun. Ko dai talla ce kawai ta masu kamfani?

AMSA: Ɗana, da madubin a miƙe yake kamar na jikin bango, da maganarka ta tabbata. Sirrin duka yana cikin karkatar. Ana kafa shi ne ya ɗan sunkuya gaba, kansa ya rinjaya wajen barewa, kamar mai gaida babba. Shi kuwa madubi yana da ƙa'ida guda: in ka karkata shi da wani gwargwado, abin da yake nunawa yakan karkata da ninki biyu na wannan gwargwadon. Ka sunkuyar da shi digiri 10, sai ganin barewar da ke kallonsa daga nesa ya lanƙwasa ƙasa da digiri 20, ya sauka a ƙasar da ke gaban shingen, kamar mita biyu zuwa uku. Ke nan abin da take gani ganyayen da suka zuba ne, da ciyawa, da 'yan ƙirare. Ba ta ganin sama, ba ta ganin kanta. Sai ta matso kamar taku uku ko huɗu sannan za ta fara hango ƙafafunta a ciki, in kuwa ta kai nan ba ka harba ba, matsalarka ba ta madubi ba ce. Hasken rana ma haka yake, daga sama yake zuwa, madubin ya mayar da shi ƙasa.

To amma a nan ne mutane suke tafka kuskure. Tunda ƙasar gaban shingen ita ce rigarka, dole ta yi kama da abin da ke bayanka. Ranar farko da na fita da nawa, don tsabar son gyara, sai na sa ƙafa na share busassun ganyen da ke gabansa wai kada su yi mini ƙara. Na koma taku ashirin don in duba aikina, sai ga wani baƙin tabo mai kusurwa huɗu tsaye a tsakiyar daji mai ruwan ƙasa-ƙasa. Baƙar ƙasar da na tone ce madubin ya ɗauka ya rataya a sama. Na dawo ina kwasar ganye da hannu ina watsawa kamar mai shuka. Tun daga ranar ta baya nake shiga, kuma ba na taka gaban shingen. Ƙarƙashin kujerata kaɗai nake sharewa.

Haka in dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, bayanka kuma duhuwar baƙaƙen itatuwa ce, farin allo za ka kafa a gaban baƙin bango. In kuma a kan gangara kake kana fuskantar kwari, barewa daga ƙasa take ɗago kai ta kalle ka, sai ganin nata ya tashi sama, ta iya hango sararin sama a cikin madubin. A irin wannan wuri ƙara masa sunkuyo. Ni dai ba na zama sai na je inda nake zaton za ta ɓullo, na durƙusa har idona ya yi daidai da tsayin idonta, na kalli shingen daga can.

Abu ɗaya da ke taimakonmu shi ne yadda Allah ya yi idonta. Binciken da aka yi da masanan Jami'ar Jojiya ta Amurka a farkon shekarun 1990 ya nuna nau'i biyu na ƙwayoyin gane launi gare ta, mu kuwa uku. Tana ganin shuɗi sosai, amma ja da ruwan lemo ba sa fita a idonta yadda suke fita a namu. Ba ta kuma tantance ƙananan zane kamar mutum. Ɗan layin da ke tsakanin allo da allo, wanda kai kake gani ya tsone maka ido, ita bai dame ta ba. Abin da ba ta yafewa shi ne motsi. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan digiri 300 kewaye da ita ba tare da ta juya wuya ba.

TAMBAYA: Malam, dogon baka gare ni, inci 66, nauyin jansa laba 50. Na gwada tantin ɓuya na yadi, ko ɗaga bakan ban iya yi a ciki ba. Shin shingen madubi zai karɓe ni, ko sai na sayi gajeren baka?

AMSA: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Abin da ya hana ka sakat a tanti rufi ne, shi kuwa wannan ba shi da rufi, reshen bakanka na sama zai yi yadda ya ga dama. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa masu bakan gargajiya suka rungumi shingen fiye da masu bakan zamani mai tayoyi, wanda gajere ne, ko'ina ya shiga. Damuwarka tana ƙasa.

Yi lissafi da ni. Inci 66 wajen santimita 168 ke nan, rabinsa yana ƙasa da hannunka. In kana zaune a 'yar kujera, kafaɗarka ba ta wuce mita ɗaya daga ƙasa ba. Abin da ya rage tsakanin bakin reshen ƙasa da ƙasa bai fi taki guda ba, kuma a nan ɗin akwai gwiwarka, akwai jakarka, akwai gindin allon. Ka tuna shingen gaba ya sunkuya, wato kansa ya yi nesa da kai, gindinsa ne ya matso kusa. Sannan in ka saki tsirkiya, rassan baka gaba suke zabura da ƙarfi.

Ni na koyi wannan a wata safiyar Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da mazan ke yawo ido rufe suna bin sawun mata. Wani namiji mai ƙahoni masu rassa takwas ya biyo wata tsohuwar hanyar masu yankan katako, hancinsa a ƙasa, tururi na fita daga bakinsa. Yadi 14. Ya tsaya ya ba ni gefe, kansa a bayan wani itacen oak. Na ɗame baka, yatsana ya taɓa gefen bakina, na saki. Sai ji na yi "ƙwas!" kamar an buga faranti da sanda. Reshen ƙasa ya daki gindin allon, bakan ya kusa suɓucewa daga hannuna, kibiya ta tafi ta caki wani kututture can hagu. Shi kuwa gogan ya ɗaga farar wutsiyarsa kamar tuta, tsalle uku ya ɓace. Laifin kujerata ne, ko in ce laifina. Sanyi ya sa na yi ta matsawa gaba kaɗan-kaɗan ina neman mafaka daga iska, ban lura na cinye tazarar da na bari ba. Har yau tabon yana jikin bakan.

Abin da nake yi yanzu ke nan. Bayan na kafa shinge, kafin gari ya waye sosai, sai in zauna in miƙa hannun baka gaba ɗaya ta kowace tsaga da nake sa ran harbi, in tabbatar akwai aƙalla taki ɗaya tsakanin bakin reshe da allo. In na samu wurin, sai in caka ɗan ƙirare a gaban ƙafar kujera, kada in wuce shi. Ina kuma kwantar da bakan gefe kaɗan, kansa ya karkata dama tunda ni na-dama ne, reshen ƙasa ya fita daga tsakanin ƙafafuna. Kujerar kuma ba ta fuskantar inda zan harba kai tsaye, kafaɗata ta hagu ce ke kallon wurin.

Akwai tarko na biyu, shi ya fi na farko mugunta. Idonka yana sama da kibiyarka da kamar faɗin yatsu huɗu. Kana iya ganin haƙarƙarin barewa tas ta saman allo, alhali bakin kibiyar yana kallon leɓen allon. Faffaɗan kan kibiya mai kaifi in ya goga a nan, ba ka san inda zai nufa ba, kuma gara ka kuskure gaba ɗaya da ka raunata dabba ta tafi ta mutu a banza. Maganinsa tsayin kujera. In ta yi ƙasa sosai za ka ɓuya da kyau amma ba ka da hanyar harbi, in ta yi sama kanka da kafaɗunka suna waje. Sai ka gwada ka samo tsakiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafa shingen a inda kake atisaye tun watanni kafin kaka, ka sa rigar sanyin da za ka sa ranar farauta, ka harba kibau ɗari ko fiye daga zaune. In bayan duk wannan dogon bakan ya ƙi, to sai a yi zancen gajeren baka mai lanƙwasassun rassa na inci 58 ko 60.

TAMBAYA: Yaya, na sayi abin nan da kuɗina masu yawa. Sau uku ina fita, sau uku barewa na tsayawa can nesa ta buga ƙafa, ta yi wannan hucin nata mai kama da fito, ta gudu. Ko kallon inda nake ba ta yi sosai ba. An cuce ni ne?

AMSA: Ƙanena, ai ka ba kanka amsa. Ka ce ko kallonka ba ta yi ba. To ba idonta ne ya kama ka ba, hancinta ne. Madubi ido yake ruɗa, ba ruwansa da hanci, ba ruwansa da kunne. Wanda ke kan bishiya yana da ɗan sauƙi, wani lokacin iska kan ɗauke warinsa ta wuce da shi ta saman kan dabbar. Kai da ke zaune a ƙasa, warinka yana tafiya daidai tsayin hancinta. Duk sabulun kashe wari da feshe-feshen da ake sayarwa, na gwada da yawa a cikinsu, ban taɓa ganin wanda ya ceci mutumin da iska ke busawa daga ƙeyarsa zuwa wajen barewa ba.

Saboda haka iska ce ke zaɓa maka wurin zama, ba kyan wuri ba. Ka sa ta a fuskarka, ko ta gitta daga hanyar barewa zuwa gare ka. Ina yawo da 'yar kwalbar hoda a aljihun ƙirji, kowane minti goma sha biyar in ɗan matsa in ga inda ƙurar ta nufa. A ƙasar tsaunuka kuma kada ka dogara da abin da waya ta ce game da iska. Da sassafe da kuma bayan rana ta faɗi, sanyayyar iska gangarawa take yi tana bin kwari kamar ruwa. In rana ta dumama ƙasa sai ta juya ta fara hawa. Wurin da ya yi maka daidai da ƙarfe bakwai yana iya tona maka asiri da ƙarfe tara. A nan ne shingen ya fi kowace irin maɓoya amfani a wurina: in iska ta juya, minti biyar ya isa in naɗe in koma ɗaya gefen hanyar. Mai kujerar bishiya sai dai ya haƙura ya tafi gida.

Kada kuma ka manta bayanka a buɗe yake. Barewa ba ta karanta tsarin da ka yi ba, sau da yawa ta inda ba ka zata ba take ɓullowa. Ka jingina da wani abu mai kauri, gindin babbar bishiya, ko itacen da ya faɗi, ko sarƙaƙiya. Wannan yana rufe maka baya, yana kuma hana kanka fita fili a matsayin wani ƙwallo mai motsi a saman allo. Fuska da hannaye su ne suka fi saurin tona mutum, a rufe su. Rana kuma in da hali ta kasance a bayanka, kai kana cikin inuwa.

Sai hanyar shigarka. In ka ratsa ta inda suke kiwo da asuba, ko ka taka hanyarsu, ka gama farautar tun kafin ka zauna.

TAMBAYA: Malam, da girmanka. Mu da muke cewa mun koma gargajiya, mun bar tayoyi da na'urar saiti, sai kuma mu ɓuya a bayan madubin roba? Ina gargajiyar take?

AMSA: Na ji daɗin wannan tambaya, Alhaji, ko da yake na san tsokana ce. Bari in tambaye ka: bakan naka da me aka yi shi? In irin wanda yawancinmu ke riƙewa ne, katako ne aka manne da zaren gilashi, fasahar da Fred Bear da kamfaninsa na Mishigan suka yaɗa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Tsirkiyarka zaren roba ce, kibiyarka wataƙila ta kabon ce ko alminiyam. Kalmar "gargajiya" ma ba ta zama abin faɗa a wannan harka ba sai bayan da Holless Wilbur Allen na Misuri ya sami rajistar bakansa mai tayoyi a 1969, aka buƙaci sunan da za a bambanta tsohon da sabon.

Ɓuya kuwa ta girmi dukkanmu. Ishi, mutumin ƙarshe na ƙabilar Yahi, wanda ya fito daga dajin Kalifoniya a 1911, shi ya koya wa likita Saxton Pope farauta da baka, daga nan Pope da abokinsa Art Young suka farfaɗo da ita a Amurka, har aka sa wa ƙungiyar masu farauta da baka da aka kafa a 1961 sunansu. Ishi maharbin kusa ne, mai laɓewa, mai kwaikwayon kukan dabba don ta matso. Da ya ga abin da zai sa barewa ta zo yadi 10 ba ta gan shi ba, ban ce zai tsaya tambayar da me aka yi shi ba.

A ganina gargajiyar tana cikin abin da ya rage a wuyanka. Mai bakan zamani yana iya ja tun barewa na nesa ya riƙe, domin tayoyin suna ɗauke masa har kashi 80 cikin 100 na nauyin, bakan laba 60 ya koma kamar 12 a hannunsa. Kai kuwa duk laba 45 ko 50 ɗin suna kan yatsunka uku, daƙiƙa biyu ko uku ka gaji. Dole ka ja a gabanta, tana kusa. Shingen bai ɗauke maka wannan ba, ƙasan jikinka kawai ya rufe. In ka fi son tara rassa da ganye ka yi maɓoyarka da hannu, Allah ya ba da sa'a, ni ma na yi shekaru ina yi. Sai dai ba ta naɗuwa in iska ta juya.

TAMBAYA: Baba, ni ba maharbiya ba ce, maigidana ne. Ya nuna mini hoton shingen a daji, wallahi na kasa gano inda yake. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In ni ban gan shi ba, mai bindiga fa?

AMSA: 'Yata, tambayarki ta fi duk na mazan nan nauyi. Gaskiya ne, abin ya fi ruɗin mutum a kan yadda yake ruɗin barewa, domin mutum da ido kaɗai yake aiki. A lokacin da aka ware wa masu baka haɗarin kaɗan ne, tunda mai baka sai ya matso kusa ya tantance abin da zai harba. Nan Ohayo lokacin baka yana farawa ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu, amma a tsakiyarsa akwai makon bindiga, wanda ke farawa ranar Litinin ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba. A wannan makon doka ta wajabta wa mai farautar barewa, ko da baka yake riƙe, ya sa riga mai launin ruwan lemo mai haske.

To ga inda gizo ke saƙa: in ya sa rigar ya zauna a bayan allo, allon ya rufe ta. Shi ya sa wasu jihohi suka ɗora dokar a kan maɓoyar kanta. A Wiskonsin, duk maɓoyar ƙasa da aka kafa a filin hukuma lokacin bindiga sai an sa mata wannan launi, ko ruwan hoda mai haske, mai faɗin murabba'in inci 144, wato kamar santimita 30 kowane gefe, kuma a iya ganinsa ta ko'ina. Kowace jiha da tata dokar, ya karanta littafin dokokin jiharsa na shekarar da ake ciki. Ko doka ba ta ce ba, ya sa hula mai launin, ya ɗaura wani ƙyallen a reshe sama da kansa. Kada ya ji tsoron zai kori barewa, na riga na faɗa cewa launin ba ya fita a idonta, muddin ƙyallen ba ya kaɗawa. Ni kam a makon bindiga ba na kai shingen filin hukuma sam. Ki kuma sa shi ya riƙa gaya miki takamaiman inda zai zauna da lokacin da zai fito.

TAMBAYA: Malam, na samu dama a yadi 25. Na rantse saitina daidai ne, amma kibiyar ta wuce ta saman bayanta. Abokina ya ce wai kauce wa kibiyar ta yi. Barewa na ganin kibiya a iska?

AMSA: Ba ganinta ta yi ba, ɗan'uwa, jin ka ta yi. Kibiyar bakan gargajiya tana tafiyar wajen mita 55 a daƙiƙa. Sauti kuwa yana tafiyar mita 340. A yadi 20, wato mita 18, ƙarar tsirkiyarka tana isa kunnenta cikin kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa, ita kuwa kibiya sai ta ɗauki sulusin daƙiƙa. A wannan ɗan tsakanin barewa takan saki ƙafafunta ta yi ƙasa don ta tattara ƙarfin zabura. Ba dabarar kaucewa ba ce, shirin gudu ne. Duk abin da aka saki ya faɗi na kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa yakan sauka kusan santimita 20, wurin da kake nema kuwa, huhu da zuciya, faɗinsa bai wuce haka da yawa ba. A yadi 25 ka ba ta lokaci har da saura.

Ai amfanin shingen ke nan, ya kawo ta kusa. Me ya sa za ka sha wahalar ɗauko shi sannan ka yi harbin nesa? Ni iyakata yadi 15, na fi son 10 zuwa 12. Kafin in zauna nakan auna da taku in sa alama, wani dutse ko wani kututture, in ba ta tsallako shi ba kallo kawai nake yi. Ka sa 'yan tuntayen ulu a tsirkiya su rage ƙara, kibiya mai nauyi ita ma tana sa baka ya yi shiru. Ka nufi kashi na ƙasa na ƙirji, dab da bayan ƙafar gaba, in ta yi ƙasa kibiya ta same ta a tsakiya, in ba ta yi ba ta sami zuciya. Kada ka harbi wadda ta riga ta tsargu, kunnuwa a miƙe, wuya a sandare. Jira ta sunkuya kiwo, ko kanta ya shiga bayan itace, ko ta juya tana kallon wani wuri, sannan ka ja a hankali, ja ɗaya ba tsayawa.

Wani alherin harbi daga ƙasa: kibiya a miƙe take shiga, ta ratsa huhu biyu ta fita ta ɗaya gefen, ba kamar daga bishiya ba inda gangarowar kan sa a sami huhu ɗaya. In ka ga jini mai haske da kumfa a jikin kibiyar, zauna rabin sa'a kafin ka bi sawu. In ka ga kore-kore da wari, tumbi ka samu, tashi ka fita a hankali, kada ka dawo sai bayan sa'o'i takwas ko fiye.

TAMBAYA: Baba, nawa ya yi raɓa da asuba ya koma fari fat. Kuma duk ya kakkarce. Ya lalace ke nan?

AMSA: Bai lalace ba. Raɓa da hazo su ne abokan gabarsa, in suka kwanta a kai sai ya daina nuna komai, ya zama farin allo. Ka riƙe tsumma mai laushi a aljihu ka goge kafin gari ya waye, ba lokacin da barewa ke tafe ba. Kada ka bar shi ya kwana a daji, ga raɓa ga masu dogon hannu. In ya yi laka, zuba ruwa tukuna ka wanke yashin, goge shi a bushe ne ke kawo karce. Ƙananan karce kuwa kai suke damu, ganyen da yake nunawa ma ai ba sumul suke ba.

Abin da ya fi karce haɗari shi ne iska mai ƙarfi. Allo ne mai faɗi mara nauyi, in ya fara rawa duk dajin da ke cikinsa sai ya yi rawa tare da shi, ka ga motsin da muka ce ba ta yafewa. Kafa turakunsa ka ɗaure igiyoyin ko da ka ga garin shiru. Inda ƙasa ta daskare turaku suka ƙi shiga, nakan ɗaura igiyar a jikin saiwa, ɗayar kuma a ƙafar kujerata in zauna a kai.

Wanda ya tambayi yadda ake wasa kan kibiya mai baki biyu da zarto, saƙonka ya iso, amma fili ya ƙare. Kai ne farko a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.